Darasi na 9: Awon Warin Kayan Gini da Yadda Ake Gane Awon da Za a Amince da Shi

MANUFOFIN DARASI

Idan aka kammala wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:
1. faɗin inda warin sabon ɗaki yake fitowa;
2. bayyana dalilin da ya sa ba a yanke hukunci da hancin mutum ɗaya;
3. lissafa matsakaici da tazara daga makin da masu shinshina suka bayar;
4. bambanta maimaita awo da gwajin zagaye;
5. ambaton guba biyu da hanci ba ya kamawa.

1. RANAR DA AKA BUƊE ƊAKIN AMARYA

Duk wadda ta taɓa zuwa jere a Limawa ko Tunga ko Kpakungu a garin Minna ta san yadda abin yake. Mai fenti ya gama aikinsa shekaranjiya. Jiya kafinta ya kawo gado da wadirob, aka shimfiɗa sabuwar leda, aka manna kafet da gam. Daga nan aka rufe tagogi saboda ƙura, aka danna kwaɗo sai ranar kai amarya. Da aka buɗe, wata cikin 'yan rakiya ta ce idonta yana yaji, kanta ma ya fara sarawa. Ƙanwarta ta ce, "Haba Yaya, ai ƙamshin sabon abu ne." Gwaggon amarya ta sa aka kawo kasko aka zuba turaren wuta, kowa ya kama harkarsa.

Mata biyu sun shaƙi iska ɗaya, sun faɗi magana biyu. Wace ce ke da gaskiya? Da a ce gardamar a kan tsawon labule ne, da sai a ɗauko tef a gwada. Da a kan shinkafa ne, da sai a ɗauko mudu. To da me ake auna wari, kuma ta yaya za a san awon ba shaci-faɗi ba ne? Wannan ita ce tambayar darasinmu.

Game da turaren Gwaggo kuwa: ya danne warin, amma abin da ke fita daga fentin da katakon yana nan cikin iska, har an ƙara masa hayaƙi.

2. DAGA INA WARIN YAKE FITOWA?

Fenti mai mai, da gam, da ledar ƙasa, da kafet, da katakon da ake haɗawa daga garin katako irin su MDF da HDF, duk suna ɗauke da sinadarai masu tashi su bi iska, kamar yadda fetur yake tashi idan an bar jarka a buɗe. Fitarsu ta fi yawa a kwanakin farko, sannan ta riƙa raguwa. Na fenti kan ragu da wuri. Na katakon haɗi yakan ɗauki watanni, domin yana fitowa ne daga gam ɗin da ya riƙe garin katakon tun daga ciki.

AKWATIN KALMA
Sinadarai masu tashi: sinadaran da suke barin jikin kaya su shiga iska ko da ba a ɗora su a wuta ba.
Fomaldehaid: iska ce mai yaji a ido da maƙogwaro wadda katakon haɗi yake yawan fitarwa. Ita ce ke cikin ruwan fomalin da ake adana gawa da shi a asibiti.

A shekarar 2004 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta saka fomaldehaid cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam. A 2010 hukumar ta ba da shawarar kada ya wuce miligiram 0.1 a cikin kowace mita ɗaya mai kusurwa huɗu da zurfi ta iskar ɗaki, idan an auna na tsawon minti 30.

Na'ura tana iya faɗin yawan kowane sinadari. Abin da ba ta iya faɗi shi ne yadda cakuɗuwarsu za ta bugi hancin mai kwana a ɗakin. Wani sinadarin ɗan ƙanƙani ne a awon na'ura, amma shi ne ya cika ɗaki da wari. Shi ya sa har yau, a manyan ɗakunan gwaji na Turai, mutane ake ɗauka su shinshina.

3. HANCI ƊAYA BA YA ZAMA SHAIDA

Bahaushe bai raina hanci ba. Dubi yawan sunayen da muka ba abin da yake ji: ƙamshi, wari, ɗoyi, ƙarni, zarni, ƙauri, hamami. Matar gida tana tsakar gida za ta ce tuwo ya kama, tun kafin ta leƙa tukunya. Masana sun gano cewa hancin mutum yana da kusan nau'i 400 na ƙwayoyin kama wari, kuma a kan binciken wannan fanni ne aka ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004.

Sai dai hanci yana da halaye uku da suke ɓata awo.

Na farko, yana gajiya. Mai sayar da daddawa a Kasuwar Kure ba ta jin abin da mai wucewa yake ji, mai fenti kuma da gaske yake idan ya ce, "Alhaji, ni ban ji komai ba." Ya yini a ciki, hancinsa ya saba. Cikin 'yan mintoci kaɗan wannan sabo yake farawa.

Na biyu, hancina da naka ba ɗaya ba ne. Shekaru suna rage ji, shan taba yana rage shi, murar hunturu tana toshe shi. A 2020 mutane da yawa sun daina jin wari baki ɗaya bayan cutar korona ta kama su.

Na uku, zuciya tana shiga cikin maganar. Wanda ya biya kuɗin kafet ba ya son a ce yana wari. Idan kuma babba ya riga ya ce babu komai, yaro ba zai buɗe baki ya ce akwai ba. A wurinmu wannan na uku ya fi sauran ɓarna, saboda kunya da kara.

AKWATIN KALMA
Gajiyar hanci: raguwar jin wari bayan mutum ya daɗe a cikinsa.
Ayarin masu shinshina: mutanen da aka zaɓa, aka horar, domin kowannensu ya ba da maki shi kaɗai a kan ƙarfin wari.

4. MUDUN WARI

A kasuwa, idan ana zargin mudun wani an buga gindinsa, mudun da kowa ya yarda da shi ake kawowa a gwada. Awon wari ma sai da aka nemo masa irin wannan mudu.

Wani farfesa ɗan ƙasar Denmak mai suna Ole Fanger ya gwada hakan a 1988, inda ya ɗauki warin jikin mutum ɗaya da ke zaune a matsayin ma'auni, ya kira shi olf. Hanyar da aka fi bi yanzu ga kayan gini tana cikin wata ƙa'ida ta hukumar ma'aunai ta duniya mai lamba ISO 16000-28, wadda ta fito a 2012 aka sabunta ta a 2020.

Ga yadda ake yi. Ana yanko kayan, misali ledar ƙasa, a saka cikin akwati na gilashi ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda shi kansa ba shi da wari. Ana tsayar da zafin akwatin a digiri 23, danshi kuma kashi 50 cikin 100, iska mai tsabta tana ratsawa dare da rana. Bayan kwana 28 sai a kawo iskar da ke fita daga akwatin ta cikin mazurari, masu shinshina su zo ɗaya bayan ɗaya.

Mudun shi ne asiton, wato ruwan nan da mata suke goge jan farce da shi. Ana gauraya shi da iska a matakai. Matakin farko miligiram 20 ne a mita ɗaya ta iska, wanda da ƙyar hanci yake kama shi, shi ake kira pi 0. Kowane mataki ana ƙara miligiram 20, har zuwa pi 15, wato miligiram 320. Mai shinshina zai shaƙi iskar ledar, ya shaƙi matakan asiton, ya faɗi wanda ƙarfinsu ya zo ɗaya. Ba a tambaye shi ko warin ya yi kama da asiton ba. Ƙarfin kawai ake nema, kamar yadda za ka ce wannan buhun gawayi ya kai nauyin wancan buhun masara.

Daɗi ko rashin daɗin warin kuwa tambaya ce dabam, ana ba ta maki daga -4 zuwa +4.

AKWATIN KALMA
Pi: ma'aunin ƙarfin wari, wanda ake samu ta kwatanta shi da matakan asiton.

Misali na 1: Miligiram nawa na asiton ne pi 7? Mataki 7 sau 20 ya ba da 140. A haɗa da 20 na farko, ya zama 160.

Ƙa'idar ta nemi aƙalla mutum 8 da aka horar. Kafin a yarda da mutum, ana ba shi asiton da bai san matakinsa ba, a ga ko zai faɗi daidai ko kusa. Wanda yake yawan kaucewa sai a ƙara masa horo ko a ajiye shi. Ranar awo ba a zuwa da turare a jiki, ba a shan taba ko cin abu mai ƙarfi gab da farawa. Da a Minna ake yi, da goro da yaji da humra za su zo a saman jerin abubuwan da za a hana.

5. MATSAKAICI DA TAZARA

Nan ne zuciyar darasin, a bi shi a hankali.

AKWATIN KALMA
Matsakaici: a tara dukkan maki a raba da yawan mutane.
Tazara: a cire mafi ƙarancin maki daga mafi yawa.

Misali na 2: A ɗauka ayari biyu sun shinshina leda ɗaya.
Ayarin farko: 6, 7, 7, 8, 6, 7, 8, 7. Jimla 56. A raba da 8, matsakaici 7. Tazara: 8 a cire 6, saura 2.
Ayari na biyu: 2, 12, 4, 11, 3, 10, 9, 5. Jimla 56. Matsakaici 7. Tazara: 12 a cire 2, saura 10.

A takarda duka biyun za su rubuta 7. Amma ayarin farko bakinsu ya zo ɗaya, na biyu kuwa babu ko mutum guda a cikinsu da ya ce 7. Dace ne ya kai su wurin. Da mutumin da ya ce 12 ya kwana da mura bai zo ba, aka sa wani ya ce 4, da jimla ta koma 48, matsakaici ya faɗo 6. Wanda aka miƙa masa matsakaici ba tare da tazara ba, rabin labari aka ba shi.

Masu ɗakin gwaji suna da lissafin da ya fi wannan zurfi, amma manufar ɗaya ce. Ƙa'idar ta ce rashin tabbas na sakamako kada ya wuce pi 2 sama ko ƙasa. Idan ya wuce, a ƙara mutane ko a sake awon.

Ko da an cika wannan sharaɗi, akwai sauran magana. A Jamus akwai kwamitin da ake kira AgBB, wanda aka kafa a 1997 domin duba lafiyar kayan gini, kuma iyakar da aka ɗauka a can ga warin kaya bayan kwana 28 ita ce pi 7. To a ce kafet ya sami 6, da rashin tabbas na 2. Gaskiyarsa tana iya zama ko'ina daga 4 zuwa 8, ke nan yana iya kasancewa ya haye iyaka. Wani kuma da ya sami 8 aka kayar da shi, wataƙila gaskiyarsa 6 ce. A ganina wannan shi ne raunin hanyar mafi girma: tana raba mai wari ƙwarai da mara wari cikin sauƙi, amma kayan da suka faɗo bakin iyaka tana iya zaluntarsu ko ta yi musu alfarma.

6. MAIMAITA AWO DA GWAJIN ZAGAYE

Hanya biyu ake bi a gwada awon kansa.

AKWATIN KALMA
Maimaita awo: ayari ɗaya, a wuri ɗaya, su sake auna kaya ɗaya ba tare da sun san shi ne na baya ba.
Gwajin zagaye: a raba kaya iri ɗaya ga ɗakunan gwaji dabam-dabam, kowa ya auna shi kaɗai, sannan a kwatanta.

Mai awon hatsi yana iya auna maka tiya goma yau, gobe ma goma cif, alhali kwanonsa ƙarami ne. Maimaitawa ba za ta tona shi ba, domin kuskurensa iri ɗaya ne kullum. Sai ka kai hatsin rumfar wasu sannan za ka gane. Aikin gwajin zagaye ke nan. Hukumar gwajin kayayyaki ta gwamnatin Jamus da ke Balin, wadda ake kira BAM, ta sha shirya irin wannan gwaji ga ɗakunan da ke awon warin kayan gini.

Misali na 3: A ɗauka an aika fenti ɗaya ɗakunan gwaji 5, suka dawo da 6, 7, 7, 8, 12. Jimla 40, matsakaici 8. Amma huɗu suna kusa da juna, ɗaya ya yi nisa. Idan aka ware shi, 28 a raba da 4 ya ba da 7.

Ba a gaggauta cewa na biyar ya yi ƙarya. Ana bincika na'urar da ke haɗa masa asiton, domin idan tana fitar da ƙasa da abin da aka rubuta, duk warin da ya auna zai fito da babban maki. Ana duba jakar da ya ɗebi iska da ita, ko ita ma tana da nata warin, a duba ɗakin da ake shinshinawa, a duba horon mutanensa. Wani lokaci kuma sai a tarar shi ne mai gaskiya, samfurin da aka aika masa ne ya bambanta.

7. DIGIRI 23 BA ZAFIN MINNA BA NE

An tsayar da digiri 23 ne domin kowane ɗakin gwaji ya yi aiki a yanayi ɗaya. A Minna, rana a watan Maris takan haura digiri 35, wani lokaci ta doshi 40, balle a ɗakin kwano da babu silin. A Agusta da Satumba kuma danshi ne ke cika gari. Zafi da danshi duka suna ƙara fitar fomaldehaid daga katakon haɗi. Saboda haka takardar shaidar da aka manna wa kaya a Turai tana nuna ya fi wani kyau, amma ba ta faɗi yadda zai yi a Maitumbi ana tsakiyar bazara ba. Gwada kaya a irin yanayinmu aiki ne da ya dace da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983 take kuma koyar da ilimin gini, da Hukumar SON mai kula da ingancin kaya.

8. INDA HANCI YA YI RANA DA INDA YA GAZA

A Amurka, bayan guguwar 2004 da 2005 ta rushe gidaje, an shigo da allunan bango na farar ƙasa daga Sin, dangin abin da muke yin silin na POP da shi. Mazauna dubban gidaje, musamman a jihar Fulorida, suka fara kukan warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da aka bincika, sai aka tarar wasu allunan suna fitar da iskar farar wuta, har wayoyin lantarki na jan ƙarfe sun yi baƙi. Hancin masu gida ne ya fara kai ƙara.

Amma dalma ba ta da wari ko kaɗan. A 2015 gubar dalma ta kashe yara 28 a ƙauyukan ƙaramar hukumar Rafi ta nan jihar Neja, ciki har da Shikira. Daga dutsen zinariya da ake niƙawa ta fito, kuma babu hancin da ya ji zuwanta. Ita wannan dalmar ana samunta a wasu fentin mai, shi ya sa Najeriya ta iyakance ta a kashi 90 cikin miliyan. Haka nan iskar da ke kashe mutane idan an kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki, ita ma ba ta da wari. Kayan da ya ci gwajin hanci, sai ya kuma bi ta gwajin na'ura.

AIKIN AJI

A samo kwalaben gilashi 4 masu murfi, a wanke su bushe. A saka yankin leda a ɗaya, yankin kafet a ɗaya, guntun katakon haɗi a ɗaya, duk girmansu ɗaya, ta huɗu a bar ta babu komai. A naɗe su da takarda don kada a ga ciki, malami ya rubuta A, B, C, D, a rufe su kwana. Washegari mutum 8 su zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shinshina sau ɗaya, ya rubuta maki daga 0 zuwa 5 ba tare da ya yi magana ba, ya sha iska a waje kafin kwalba ta gaba. Bayan kwana biyu malami ya sauya haruffan a sake. Wanda ya ba kwalbar da babu komai maki 4, a sa ido a kan sauran makinsa.

Gargaɗi: busassun kaya kawai za a yi amfani da su. Kada a kawo ɗanyen fenti, gam, sholisho ko fetur. Mai ciki, mai asma da yara ba sa shiga ayarin.

TAMBAYOYIN BITA

1. Ambaci kayan ɗaki huɗu da suke fitar da sinadarai masu tashi.
2. Me ya sa mai fenti yake cewa bai ji wari ba alhali baƙo yana ji?
3. Miligiram nawa na asiton ne pi 10?
4. Ayari ya ba da maki 5, 6, 4, 5, 5, 6, 4, 5. Lissafa matsakaici da tazara.
5. Wani ayarin ya ba da 1, 9, 2, 8, 10, 3, 1, 6. Lissafa nasu, sannan ka faɗi ayarin da za ka fi amincewa da shi da dalilinka.
6. Mene ne bambancin maimaita awo da gwajin zagaye? Ba da misali daga kasuwar hatsi.
7. Leda ta sami pi 6 da rashin tabbas na 2, iyaka kuma pi 7 ce. Za ka iya rantsewa ba ta haye iyaka ba? Yi bayani.
8. Ambaci guba biyu da ba su da wari.
9. Maƙwabciyarki za ta aurar da 'yarta nan da wata ɗaya. Rubuta jimla biyar na shawarar da za ki ba ta a kan lokacin yin fenti, lokacin kawo kayan katako da buɗe tagogi, ki kawo aji mako mai zuwa.